Koren Soson da Kawu Ya Manna a Kan Unguwarmu

Kawuna kafinta ne, amma kada ka kai masa ƙofar da ta ɓalle, don kallonta kawai zai yi ya ba ka haƙuri. Duk abin da ya wuce tsawon yatsa ba ya cikin sana'arsa. Tun ina firamare yake aiki a hukumar tsara birni, a wani ɗaki na ƙasa da ke jikin ɗakin janareta. Aikinsa shi ne ya gina birninmu da katako da kwali a kan wani ƙaton tebur. Ba birnin da muke ciki ba, wanda aka ce za a samu nan da shekara talatin. Injiniyoyi su zana a sama, a sauko masa da takarda, shi kuma ya yanka, ya goge, ya shafa gam, ya manna. Gadar sama da asibiti da tashar jirgin ƙasa duk sun bi ta hannunsa, kuma kowanne zai shiga aljihun riga. Saboda haka mutanen layinmu suke ce masa Mai Gari, shi kuwa yana amsawa ba kunya.

Ina son zuwa ɗakin nan tun ina yarinya. Warin gam da fenti ne ke fara tarbarka, sai ƙarar fanka mai ciwon wuya. Kawu yana sunkuye da tabarau a ƙarshen hanci, ya riƙe wani ɗan gida da matsefata yana hura masa iska don ya bushe. In ka yi masa magana a lokacin ba zai amsa ba, wai numfashi ma yana karkatar da gini. Mutum ne marar hayaniya, mai yarda da takarda fiye da yadda ya yarda da idonsa. In zane ya ce akwai kogi a tsakar gidanka, Kawu zai ba ka shawarar ka tattare wandonka.

Gidan da yake ciki na gado ne, bene mai hawa ɗaya. Ƙasa ta faɗa wa yayansa, wanda ya cika ta da iyali da shagon kayan masarufi. Kawu ya samu sama, da ɗan fili a baya wanda bai fi a yi ɗaki ɗaya da banɗaki ba. Shi da matarsa, wadda duk muke kira Inna, ba su samu haihuwa ba, don haka ni ce 'yar gidan. In na tashi daga kemis ɗin da nake aiki, can nake fara biyawa.

Inna gwiwoyinta ne suka ƙi ta. Da farko tana sauka tana hawa tana zagin matakala. Daga baya sai an riƙe ta. Daga baya kuma ta daina sauka sai in asibiti za a, a ɗauko ta a kan kujera, samarin gida suna nishi, ita tana rufe fuska da mayafi don kunya. Matar da a dā kasuwa ba ta ci sai da ita, wadda ta san kowa a layin har da kajinsa, ta koma kallon mutane ta taga, tana gane su da tsakiyar kai. Abin yana ci mini rai, kuma ban taɓa ɓoye wa Kawu ba.

Maganin a bayyane yake: a yi mata ɗaki a filin baya, ta sauko ƙasa. Kawu bai ƙi ba. Har bulo ya sayo aka jera a jikin katanga. Amma a satin da magini zai fara, aka sauko masa da wani zane a ofis, ya ga babban titi ya ratsa ta kan layinmu. Ya dawo gida ya ce a dakata, ba ya gina abin da da hannunsa ya riga ya shimfiɗa wa kwalta. Muka dakata. Can aka canza shugabanni, titin ya koma wani gefen gari, Kawu ya ɓamɓare shi daga tebur. Muna murna sai ga layin dogo. Bayan layin dogo aka ce babbar magudanar ruwa ce za ta bi. Bulo ya yi gansakuka, ƙadangaru suka yi gari a ciki.

"Kawu," na ce masa wata rana, "kai fa kaɗai ne a layin nan ka san gobe, kuma kai kaɗai ne ba ka ɗora ko bulo ɗaya ba. Dubi mai walda, bai san komai ba, ya ƙara ɗaki biyu."

"Ai shi ya sa," in ji shi. "Bai gani ba ne. Ni na gani."

"Me ka gani?"

Ya sosa ƙeya. "To, abubuwa dai daban-daban."

Akwai wata dabara da Kawu ya daɗe yana yi a wurin aikinsa, kuma ita ce ta jawo mana. Teburin nan manyan baƙi ake kawowa su gani. In akwai unguwar da injiniyoyi ba su gama yanke shawara a kanta ba, wurin sai ya zauna fili fetal, ana ganin katako da tabon tsohon gam, abin ba kyan gani. Sai Kawu ya je wurin mai katifa ya karɓo guntayen soso, ya tsoma su a koren fenti, ya yayyaga, ya rufe wurin kamar bishiyoyi. Tsofaffin ma'aikata duk sun sani: inda ka ga koren soso, ba a san abin da za a yi da wurin ba tukuna. Ba a rubuce yake a ko'ina ba, kowa dai ya sani ne kawai.

Da aka soke maganar magudanar ruwa, unguwarmu ta zama ba ta da zane. Aka ce baƙi na tafe, Kawu ya rufe mu da soso, ya dawo gida da fara'arsa. Ya ce wa Inna yanzu kam an kusa, tunda babu abin da ke kanmu sai soso. Bari dai a ga ƙarshen damina.

Damina ba ta ƙare ba sai ga wani ƙaton allo an kafa a shataletalen da ke bakin unguwa. Hoton teburin Kawu ne aka ɗauka daga sama, an gyara shi ya yi kyau, har da tsuntsaye. A tsakiya ga kore shar, an rubuta cewa nan ne babban lambun shaƙatawa na birni zai kasance. Na tsaya a gindin allon ina lissafin tituna da yatsa, daga gadar sama zuwa tashar mota, na ga koren nan daidai kan gidajenmu yake.

Kafin in iso, layi ya cika a ƙofar gida, kowa da hoton a wayarsa. Mai walda ne a gaba.

"Mai Gari, me muka yi maka? Ciyawa za ka shuka a ɗakina?"

Kawu ya karɓi wayar, ya ɗaga tabarau, sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Ku kwantar da hankalinku, jama'a. Soso ne. Soson katifa ne, ni na sa shi. Ga ma inda fentin bai kama ba."

"To ka je ka gaya musu soso ne," in ji wata maƙwabciya mai kitso. "Ni dai ban ga soso a rubuce ba."

Inna ta leƙo ta taga daga sama ta ce, "Ke 'yar nan, raka shi. In shi kaɗai ya je, gaisuwa zai yi ya dawo."

Washegari na ɗauki izini a kemis na bi shi. Duk daɗewar Kawu a hukumar, hawa na sama baƙonsa ne, har sai da ya goge takalminsa a bakin ƙofa. Aka nuna mana wata injiniya, matashiya, mai fara'a. Ta ba shi kujera, ta saurare shi har ƙarshe ba ta katse shi ba. Sannan ta juyo da fuskar kwamfutarta ta nuna mana taswira. Ga unguwarmu, an shafe ta da kore, an kewaye ta da layi, har da wurin ajiye motoci.

"Baba, ai yana cikin tsari," ta ce. "Kamfanin da aka ɗauka ya sake duba tsarin birni ne ya kawo shi."

"Su a ina suka samo shi?" na tambaya.

Ta duba, ta ce daga hotunan da hukuma ta ba su.

"Hoton me?"

"Hoton teburin da ke ƙasa."

"To ai teburin nawa ne, 'yata," in ji Kawu a hankali. "Ni na yi shi."

"Na sani, Baba. Amma kai ma ai daga zane kake yi, ko ba haka ba?"

Kawu ya ce haka ne, daga zane yake yi. Ta ce to ga zanen. Ya kalli zanen, ya kalle ni. Ni ma a lokacin sai na ji kaina ya ɗan juya. Ya ce a tambayi tsohon injiniyan da ya san maganar soso, aka ce ya yi ritaya. Ya ambaci wani, aka ce an mai da shi sashen ruwa. Ya ambaci na uku, aka ce Allah ya yi masa rasuwa bara, kuma Kawu da kansa ya je gaisuwa.

Na ga abin zai tafi a haka, na ce, "Hajiya, mu abu ɗaya muke so mu sani. Akwai tsohuwa a sama ba ta iya saukowa. Mu yi mata ɗaki ko kada mu yi?"

"Ba zan ce ku yi ba," ta ce, "ba kuma zan ce kada ku yi ba. An amince da lambun, amma a matsayin shawara."

"Za a rushe ke nan?"

"Ba yanzu ba. Yana cikin zango na uku."

"Yanzu muna na nawa?"

"Muna sake duba na farko."

Na ji kamar in kife teburin. Amma baiwar Allah ba wulaƙanci take yi mana ba, abin da ta sani ne take faɗa. Har ta raka mu bakin ƙofa, a nan ne ta ƙara wata maganar da ta fi duk sauran tsaya wa Kawu a rai. Ta ce, "Ka san wani abu, Baba? Ko da soso ne, wurin ya dace. Mun auna, duk ruwan gabashin gari can yake gangarawa. Kuma yaran birnin nan ba su da inda za su yi wasa sai bakin titi. Da ni aka tambaya, can ɗin zan zaɓa."

Ba ƙarya ta yi ba. Duk damina sai mun kwashe ruwa da bokiti a layinmu, kuma ni kaina na sha ɗaure ƙafar yaran da babur ya buge suna ƙwallo. Muka sauko ƙasa. Sai da muka kai ɗakinsa ya zauna a gaban tebur ya ce, "Anya kuwa ba wani ne ya ce mini in sa lambu ba, na manta?"

"Kawu, kai ka ce mana soso ne."

"Soso ne. Amma me ya sa na yi shi da faɗi haka? Dubi, har na bar hanya a tsakiya. In rufewa kawai nake yi, me ya kai ni barin hanya?"

"Wataƙila soson ne ya ƙare."

"Wataƙila," ya ce. Amma na ga bai yarda ba.

Daga ranar Kawu ya rikice. Mutanen layi in sun tare shi, yau ya ce musu soso ne, gobe ya ce tsari ne, jibi ya ce soso ne da ya zama tsari. Mai walda ya daina gaishe shi. Wasu suka fara neman mai sayen gida, wasu kuma suka hau ƙara ɗakuna da sauri wai don diyya ta yi kauri. A layi ɗaya kana jin ana loda kaya a mota, kana jin ana kwaɓa siminti. Yayansa ya hau sama ya yi masa tatas, ya ce tun suna yara dama bai taɓa taɓa abu ya bar shi yadda ya same shi ba.

Sai Kawu ya yi abin da ban zaci zai iya ba. Wata safiya ya shiga ɗakinsa na ofis ya kankare soson nan tas. Ya zauna ya yanka ƙananan gidaje, ya jera layinmu yadda yake, da shagon yayansa, da rumfar mai walda, da famfon bakin hanya. Ya kira ni a waya ya ce ya gyara, tunda daga tebur abin ya fito, to ya koma ta tebur. Na ce masa ya yi daidai, ko da yake ban san ko daidai ɗin ne ba.

Gyaran bai yi sati ba. Darakta ya zo wucewa da wasu baƙi, ya nemi lambu bai gani ba, ya tambaya ko ɓera ne ya shiga ɗakin. Aka sauko wa Kawu da zane, mai kore, mai hatimi, aka ce a mai da tebur yadda tsari ya nuna kafin baƙi na gaba. Kawu kuwa ba ya musu da takarda. Ya koma wurin mai katifa ya karɓo soso. Ya ce mini bai iya cire gidajen ba, hannunsa ya ƙi, sai ya manna soson a kansu. Har yanzu suna nan a ƙarƙashi, in ka sunkuya ta gefe kana hango rufinsu.

Ran nan ya dawo da koren fenti a farcensa, ya zauna a bakin gado ya ba Inna labari tun daga farko. Ina zaune ina shafa mata magani a gwiwa. Ta saurare shi har ya gama.

"To yanzu gidan nan yana nan ko ba ya nan?" ta tambaya.

"A ƙasa yana nan. A tebur yana nan amma an rufe shi. A takarda ba ya nan."

"Ni a wanne nake?"

Kawu ya ce a ƙara haƙuri kaɗan, an ce za a yi wani taro bayan an gama duba zango na farko, daga nan komai zai fito fili. Inna ta janye ƙafarta daga hannuna, ta juya ta fuskanci bango. Ban taɓa jin haushin Kawu irin na ranar ba, ban kuma taɓa jin tausayinsa haka ba.

Da safe, bayan ya fita, ta ce in kira mata magini. Na ce ba za mu jira Kawu ba? Ta ce ta jira titi, ta jira jirgin ƙasa, ta jira kwata, ba za ta jira ciyawa ba. Magini ya hau sama, suka yi magana, ta ba shi awarwaronta ya riƙe kafin a ga abin da hali zai yi. Ya duba bulon baya ya ce rabi ya ruɓe, amma rabi zai yi.

Kawu ya dawo da yamma ya tarar an haƙa tushe, an ja igiya, bulo ya hau har gwiwa. Ya tsaya da jakarsa a hannu yana kallo, kamar ya shiga gidan da ba nasu ba. Magini ya gaishe shi ya ce, "Maigida, gara da ka zo. Ƙofa ta kalli ina? Layi ko tsakar gida?"

"Ai ya danganta," in ji Kawu. "In layin zai zauna, sai ta kalli layi. In kuma lambu ne, to hanyar da na bari a tsakiya ta wancan gefen za ta bi. Sai dai in sun sake..."

"Ku zo ku sauko da ni!" Inna ce daga taga.

Samarin gida suka hau da kujera. Wannan karon ba ta rufe fuskarta ba. Suka sauko da ita a hankali, ta ce kada su tsaya a tsakar gida, su shiga da ita ciki. Suka tsallaka igiyar magini suka dire kujerar a tsakiyar ɗakin da ba rufi ba daɓe. Ta zare silifas ɗinta ta ɗora tafin ƙafarta a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta daɗe a haka. Mai kitso ta leƙo ta katanga ta rangaɗa mata sannu da zuwa, yaran gida suka kewaye ta. Sannan ta nuna wa magini wajen layi ta ce can za a sa ƙofa, tana so ta riƙa ganin fuskar mutane.

Kawu ya matso, ya durƙusa a gefen kujerar.

"Za su iya rushewa fa. Ban sani ba. Wallahi ban san ko za su rushe ba."

"Na san ba ka sani ba," ta ce. "In sun zo, su same ni a ƙasa. Ko ba komai, da ƙafata zan fita."

Kawu ya daɗe a durƙushe. Can ya miƙe, ya ajiye jakarsa a kan yashi, ya naɗe hannun riga, ya je ya ɗauko bulo ɗaya da hannu biyu. Ya yi masa nauyi har ya yi tangaɗi. Ya tsaya da shi a ƙirji yana waige-waige, ya tambayi magini a ina ake sawa.